Kufcewar Fitsari da Saukowar Mahaifa: Tambayoyin da Mata Ke Yi da Amsoshinsu

Yawancin matan da ke fama da wannan matsala ba da ita suke buɗe baki ba. Mace za ta shigo ta ce ciwon baya ne ya kawo ta, ko ciwon mara, a rubuta mata magani, ta ɗauki jakarta har ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta rage murya: "Sista, akwai wata 'yar magana." To wannan 'yar maganar ita ce ta fito da ita daga gida. In aka tambaye ta tun yaushe, sai ta ce tun haihuwar auta, autan kuwa har ya shiga sakandare. Shekarun nan da ake ɓatawa cikin shiru su ne suka fi damuna, domin yawancin waɗannan matan suna da magani, kuma da yawansu ba sai an kai ga tiyata ba. Ga tambayoyin da na fi ji.

Duk macen da fitsari ke zubo wa, yoyon fitsari ne take da shi?

A'a, kuma wannan ruɗanin ne ke hana mata da yawa zuwa asibiti. A ƙasar Hausa da an ce fitsari na zuba, sai hankali ya tafi kan yoyon fitsari na bayan doguwar naƙuda, wanda ma'aikatan lafiya ke kira VVF. Mace mai 'ya'ya bakwai, wadda sai ta yi tari ne ɗan fitsari ke ɗigo mata, ba za ta so a haɗa ta da wannan suna ba, don haka sai ta kama bakinta. Alhali abubuwa ne daban-daban, maganinsu ma daban.

Na farko shi ne kufcewar fitsari lokacin yunƙuri. Mace ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ta ɗaga bokitin ruwa, ko ta miƙe daga tabarma, sai ta ji ɗumi a wandonta. Ba ta ji fitsari ba kafin nan. Abin da ya faru shi ne tsokokin da ke tallabe da hanyar fitsari sun yi sanyi, da ciki ya matsa daga sama sai ƙofar ta kasa riƙewa.

Na biyu shi ne matsuwa ta gaggawa. Fitsari ya taso mata farat ɗaya, ta ɗauki buta da gudu, kafin ta kai banɗaki ya riga ya zubo. Irin waɗannan matan sukan tashi sau uku ko huɗu cikin dare, wata ma jin ƙarar famfo ko taɓa ruwan sanyi lokacin alwala ya isa ya tayar mata. A nan ƙofar ba ta da laifi, mafitsarar ce ke matsewa tun lokaci bai yi ba. Mata da yawa, musamman waɗanda suka manyanta, suna da na farkon da na biyun a haɗe.

Akwai kuma ambaliya, wato mafitsara ta cika maƙil ba ta iya juyewa duka, sai ta riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan kamar randar da ta cika ta tumbatsa. Ana ganin wannan ga masu ciwon suga da ya daɗe har ya taɓa jijiyoyi, da matan da mahaifarsu ta sauko sosai ta lanƙwashe hanyar fitsari, da maza masu kumburin furostat, wato wani ƙullutun nama da ke zagaye da hanyar fitsarin namiji a ƙasan mafitsara.

Yoyon fitsari kuwa huda ce tsakanin mafitsara da gaba. Alamarsa ba ta ɓuya: fitsari na zuba dare da rana, tana zaune ko tana kwance, babu tari babu matsuwa, kuma yawanci ya soma ne cikin kwanaki kaɗan bayan naƙuda mai wahala ko bayan aikin tiyata.

Mece ce saukowar mahaifa? Ina jin wani abu kamar ƙwai yana leƙowa ta gabana.

A ƙasan ƙugu akwai shimfiɗar tsoka da jijiyoyi da ke riƙe da abubuwa uku: mafitsara ta gaba, mahaifa a tsakiya, hanjin bayan gida ta baya. Ki ɗauke ta kamar zanin goyo da majanyi. In ɗaurin ya yi kyau, yaro na nan daram a baya. In majanyin ya saki, sai yaron ya riƙa zamewa ƙasa a hankali. Haka waɗannan gaɓoɓin ke zamewa su turo bangon gaba.

Shi ya sa ba kowane kumburi ne mahaifa ba. Wani lokaci mafitsara ce ta turo bangon gaba, kuma wannan shi ne aka fi samu. Wani lokaci hanji ne ya turo ta baya, har mace ta lura sai ta danna da yatsa kafin bayan gida ya fita. Wani lokaci mahaifar ce da kanta. Hatta wadda aka cire wa mahaifa, ƙuryar gaban nata na iya saukowa.

Likitoci sun raba abin mataki huɗu. A na farko ya ɗan sauko amma yana can ciki, a na biyu ya iso daidai ƙofa, a na uku ya leƙo waje, a na huɗu ya fito gaba ɗaya. Matan sukan ce da safe lafiya lau suke tashi, sai wajen la'asar, bayan an sha tsayuwa da aiki, nauyin ya dawo, in sun kwanta kuma ya koma ciki. In aka duba matan da suka taɓa haihuwa, kusan rabinsu za a ga alamar saukowar ko da kaɗan ce, amma waɗanda abin ke damu ba su kai haka ba. Wadda ba ta jin komai ba ta buƙatar a yi mata komai.

Me ke kawo shi? Wani abu na yi ba daidai ba?

Ba laifinki ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma aikin kishiya ba ne. Babban dalili shi ne ciki da haihuwa. Kowane ciki wata tara yake yi yana danne wannan shimfiɗa, kowace haihuwa kuma kan jariri sai ya buɗa ta ya wuce. Jariri mai girma, naƙudar da ta daɗe, haihuwar da aka jawo da ƙarfe, yagewar da ba a ɗinke da kyau ba, da haihuwa kusa da kusa wadda jiki bai gama komawa ba wani cikin ya shiga, duk suna ƙara rauni. Akwai abubuwa biyu da nake roƙon ungozomomi su daina: sa mace ta yi ta yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, da danne mata ciki daga sama don a turo jariri.

Bayan haihuwa sai abin da ke biyo baya. Na san mai jegon da kwana goma da haihuwa ta koma daka da ɗaukar jarkar ruwa mai lita 25, domin babu mai yi mata. Tsokar da ta buɗe tana buƙatar makonni shida zuwa wata uku kafin ta fara dawo da ƙarfinta. Al'adar goyon ciki da zaman arba'in a gidan iyaye tana da hikima a nan, in har hutun gaske ake samu.

Sai abubuwan da ke matsa ciki kullum: tarin da ya daɗe, ko na asma ko na hayaƙin icce a madafa marar taga, da taurin bayan gida mai sa yunƙuri, da ƙiba. Daina al'ada ma na da hannu, domin sinadarin istirojin da ke sa fatar gaba da ta hanyar fitsari su yi kauri da laushi yana raguwa. Wannan ne ya sa mace za ta yi haihuwarta ta ƙarshe tana da shekara 38, amma abin bai bayyana ba sai ta haura 50. Gado ma yana ciki: wasu matan jijiyoyinsu na da saurin saki tun asali.

A ɓangaren fitsari akwai wasu dalilan da ake saurin gyarawa, kamar ciwon sanyin mafitsara, ciwon sugan da ba a gano ba, da wasu magungunan hawan jini. Lasix yana ƙara yawan fitsari, lisinofiril kuma yana sa wasu busasshen tari. Kada ki daina shan maganinki da kanki. Ki kai wa likita kwalin ya gani.

Ciwon daji ne?

A'a. Saukowar mahaifa ba daji ba ce, ba kuma ta rikiɗewa ta zama daji. Sai dai in ta fito waje tana gogar zani, takan yi gyambo ya riƙa jini da ruwa, in kuma ta daɗe a mataki na huɗu tana iya toshe fitsari har ya taɓa ƙoda. Kuma duk macen da ta daina al'ada ta sake ganin jini, dole a bincika, ko da ana zaton gyambon ne.

In na je asibiti me za a yi mini?

Fira ce ta fi yawa. Za a tambaye ki haihuwa nawa, yaya kowace ta kasance, yaushe fitsarin ke zuba, sau nawa kike tashi da dare, yaya bayan gida, wane magani kike sha. Ki faɗi gaskiya ko da ta yi miki nauyi a baki. Mai duba ki ta ji irinta sau ɗaruruwa.

Sai gwajin fitsari, don a ga ko akwai ƙwayar cuta, jini ko suga. Sannan a duba ki a kwance, a ce ki yi tari ko ki yi yunƙuri, don a ga ko fitsari zai fito da kuma iyakar inda kumburin yake kaiwa. Wani lokaci sai an tsayar da ke, domin a kwance abin yakan ɓuya. Mai duba ki za ta sa yatsa ta ce ki matse, ta ji ƙarfin tsokar. Duk wannan bai wuce minti goma ba. Bayan kin yi fitsari ana iya auna abin da ya rage a mafitsara, da sikanin ko da siririyar roba.

Akwai aikin da ke ce za ki yi a gida, kuma ya fi gwaje-gwaje masu tsada amfani: kwana uku ki riƙa rubuta abin da kika sha da lokacinsa, lokacin da kika yi fitsari da yawansa, da lokacin da ya kufce da abin da kike yi a sa'ilin. Wadda ba ta rubutu tana iya sa 'yarta, ko ta riƙa jefa tsakuwa a gwangwani biyu, ɗaya na rana ɗaya na dare. Mafitsarar babba tana ɗaukar kusan mililita 400 zuwa 600, wato wajen leda ɗaya ta ruwan fiya wata, kuma fitsari sau huɗu zuwa takwas a yini ba matsala ba ne.

In ana zargin huda, sai a zuba ruwa mai shuɗin launi cikin mafitsara ta roba, a sa auduga a gaba. In audugar ta yi shuɗi, an gano. Gwajin na'ura mai auna ƙarfin mafitsara kuwa sai a manyan asibitocin koyarwa, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba.

Ina jin kunyar likita namiji ya duba ni.

Haƙƙinki ne ki nemi mace, kuma haƙƙinki ne wata ma'aikaciya ta tsaya tare da ke in namiji ne kaɗai ake da shi. Ana rufe jiki, inda za a duba kawai ake buɗewa. Ki faɗa tun a wajen yankar kati.

An ce akwai motsa jiki na matse gaba. Da gaske yana aiki?

Yana aiki, in an yi shi daidai kuma an daure. Wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana shi a 1948, shi ya sa ake kiran motsin da sunansa. Shi ne magani na farko ga kufcewar yunƙuri da saukowa ta mataki na ɗaya da na biyu.

Ga yadda nake koya wa mata. Ki kwanta rigingine ki tanƙwashe gwiwoyi. Ki ɗauka kina cikin taron biki sai tusa ta taso, kina so ki riƙe ta. Wannan matsewar ta dubura, ki jawo ta gaba har ta haɗa da ƙofar fitsari, ki ji kamar ana ɗaga wurin sama zuwa cibiya. Ki riƙe kina ƙirga ɗaya zuwa biyar, ki saki gaba ɗaya, ki huta kamar haka, ki sake. Sannu a hankali ki kai ƙirgen zuwa goma. Aƙalla matsewa takwas, sau uku a rana, har wata uku ba fashi. Wasu sukan haɗa shi da bayan sallar asuba, azahar da isha don kada su manta.

Kurakuran da na fi gani uku ne. Mace ta riƙe numfashi har fuskarta ta ɗaure, ko ta matse cinyoyi da ɗuwawu ta bar ainihin wurin, ko kuma, mafi muni, ta yi yunƙuri ƙasa tana zaton matsewa take yi. Ki ɗora hannu a ciki: in yana tasowa yana tauri sosai, ba daidai ba ne. Kuma kada ki mayar da tsayar da fitsari a tsakiya ya zama motsa jikin, domin yana rikita mafitsara. In akwai sashen gashin ƙashi a asibitinku, ki nemi a tura ki, suna da masu koyar da wannan.

Wata dabara da ke taimakawa tun ranar farko ita ce ki matse kafin tari, kafin atishawa, kafin ki ɗaga yaro ko tukunya. Kada ki yanke ƙauna a mako na uku. Yawanci sai an yi mako shida zuwa goma sha biyu ake fara ganin canji, in kuma aka daina sai abin ya dawo.

Na rage shan ruwa don kada ya zubo. Na kyauta?

Ba ki kyauta wa kanki ba, kodayake na fahimci dalili. Fitsarin da ya yi kauri yana ƙara tunzura mafitsara, ya ƙara zarni, ya jawo ciwon sanyi da taurin bayan gida. Ki sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, fiye da haka a zafin bazara, ki rarraba shi, sannan ki rage awa biyu kafin barci. Abin da ya kamata ki rage shi ne shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba irin su Coke, da goro. Iyayenmu sukan yi mamaki in na ambaci goro, amma sinadarin kafeyin da ke cikin kofi, mai tunzura mafitsara, yana cikinsa.

Mai matsuwar gaggawa tana iya horar da mafitsararta. In ya taso, kada ki zabura da gudu. Ki tsaya cak ko ki zauna, ki matse tsokar da sauri sau biyar, ki jira matsuwar ta lafa, sannan ki taka a hankali. In kowane minti 45 kike zuwa, ki mayar da shi awa ɗaya, bayan mako ki ƙara minti 15, har ki kai awa uku. Ana ba wannan horo aƙalla mako shida.

Rage ƙiba ma yana da tasiri. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, mata masu ƙiba da suka rage kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinsu sun ga zubar ta ragu da kusan rabi. Ga bayan gida kuwa, a yawaita zogale, alayyafo, kuɓewa, wake da gwanda.

Babu ƙwayar da zan sha in huta?

Ga matsuwar gaggawa akwai: oksibutinin, tolterodin, solifenasin, da mirabeguron. Ukun farko suna busar da baki, suna sa taurin bayan gida, oksibutinin kuma yana iya rikita tunanin tsofaffi masu rauni. Mirabeguron bai dace da mai hawan jinin da bai daidaita ba. Don haka ba na saye a kemis ba ne. Wadda ta daina al'ada, man istirojin na sawa a gaba yana rage bushewa da matsuwa. Amma babu ƙwayar da ke mayar da mahaifar da ta sauko, babu kuma wadda ke toshe huda. Duk wanda ya ce miki yana da ita, kuɗinki yake so.

Maganin matsi da na gargajiya fa?

A nan ba zan sassauta ba. Alif, kanwa, ganyaye da haɗe-haɗen da ake cusawa ba sa isa ga tsokar da ta yi rauni. Abin da suke yi shi ne su busar da fata su ƙona ta, mace ta ji wurin ya takure ta ɗauka gyara ne. Na ga wadda gabanta ya manne da tabo sanadiyyar cushe-cushe, har sai da aka yi aiki kafin a buɗe shi. Yankan gishiri kuwa, wanda wanzami ko ungozoma ke yi da aska a bangon gaba, yana cikin sanannun dalilan yoyon fitsari a Arewa, domin mafitsara tana jingine da wurin. In tsohuwa ta ce wani nama ne ya tsiro sai an yanke, to naman nan zai iya zama mafitsararki.

Mene ne zoben da ake sawa?

Fesari ake ce masa. Zobe ne na roba mai laushi, girmansa kamar awarwaron yara, ana lanƙwasa shi a tura cikin gaba ya buɗe ya tallabe abin da ya sauko. Babu allurar barci, babu kwanciya asibiti. In girman ya dace ba za ki ji shi ba, kuma kafin ki tafi za a sa ki taka, ki tsuguna, ki yi fitsari, don a tabbatar. Wani lokaci sai an gwada girma biyu ko uku.

Ya dace da mai son ta ƙara haihuwa, da mai ciki, da tsohuwar da jikinta ba zai ɗauki tiyata ba, da duk wadda ba ta son aiki. Ba ya hana saduwa in mai siffar zobe ne, ba kuma na tsarin iyali ba ne. Sharaɗinsa ɗaya: a koma a cire, a duba, a wanke ko a canza duk bayan wata huɗu zuwa shida. Zoben da aka manta shekaru yana iya cin nama. Ba kowane asibiti ke ajiye shi ba, don haka ki tambaya a asibitin koyarwa ko wajen likitan mata.

In aka ce sai tiyata, cire mahaifa za a yi?

Ba lallai ba. In bangon gaba ko na baya ne ya saki, ana ɗinke shi ta ƙasa ba tare da an taɓa mahaifa ba. In mahaifar ce, ana iya ɗaga ta a ɗaure da wata jijiya mai ƙarfi a ƙugu, ko a cire ta ta gaba ba tare da an tsaga ciki ba in mace ta gama haihuwa kuma ta yarda. Tsohuwar da ta daina saduwa ana iya ɗinke mata hanyar, aiki ne mai sauƙi, amma ba a warware shi. Ga kufcewar yunƙuri akwai aikin ɗaga wuyan mafitsara, da na sa majanyi ƙarƙashin hanyar fitsari.

Shawarata ita ce, in kina son ƙarin 'ya'ya, ki jinkirta aiki ki riƙe da zobe da motsa jiki, domin wani cikin na iya warware ɗinkin. Ki kuma tambaya da me za a yi gyaran. Ragar roba da ake dasawa ta gaba don saukowar mahaifa ta jawo wa mata da yawa ciwo da gyambo, har Ingila ta dakatar da ita a 2018, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta hana sayar da ita a 2019. Bayan aiki, mako shida babu ɗaukar kaya babu saduwa. Ki sani kuma abin yana iya dawowa bayan shekaru, musamman in tari, taurin ciki da ɗaukar kaya suka ci gaba.

'Yata ta haihu bayan kwana biyu tana naƙuda, yanzu fitsari ba ya tsaya mata. Ina za mu nufa?

Inna, ku tashi yau, kada ku jira arba'in. Kan jariri ne ya daɗe yana danne nama a jikin ƙashi har naman ya mutu ya zube, ya bar huda, wato yoyon fitsari. In aka sa robar fitsari da wuri aka bar ta mako huɗu zuwa shida, ƙaramar huda tana iya toshewa da kanta ba tare da aiki ba. Wannan darasi ne da aka koya a nan gida, a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya soma wannan aiki a 1984 ya kuma horar da likitoci masu yawa.

Babbar Ruga yanzu cibiya ce ta tarayya, haka ta Ningi a jihar Bauchi da ta Abakaliki a Ebonyi, kuma aikin kyauta ake yi a cikinsu. Akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala da ke Kano, da asibitin mata da yara na Maryam Abacha a Sakkwato, da cibiyar Evangel a Jos. A Nijar akwai ta Yamai da ta Danja kusa da Maraɗi. Huda marar sarƙaƙiya, takwas zuwa tara cikin goma suna toshewa a hannun ƙwararre, kuma aikin farko shi ne ya fi damar nasara, don haka kada a bari wanda bai ƙware ba ya fara taɓawa. Bayan aiki za ta zauna da roba kusan mako biyu, ta sha ruwa da yawa, ta ƙaurace wa saduwa wata uku zuwa shida yadda likita ya ce. In ta sake samun ciki, awo tun da wuri, haihuwa kuma ta hanyar aiki a asibiti. In kun ga tana jan ƙafa, ku faɗa, jijiyar ƙafar ce naƙudar ta danne.

Kafin ku isa, kada a ware mata kwano, kada a mayar da ita ɗakin baya. Ba a ɗaukar wannan ciwo, kuma yarinyar da ta sha wannan wahala, sau da yawa ta kuma rasa jaririn, tana buƙatar mutane kusa da ita.

Ya zan yi da salla?

Malaman fiƙihu sun san wannan lalura tun da daɗewa, suna kiranta salasul bauli, kuma ba ta ɗauke salla. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke zuba ba da iko ba a mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, sai dai an so a sabunta ta a kowace salla. Ki yi tsarki, ki sa ƙunzugu ko audugar mata mai tsabta, ki yi alwala, ki yi sallarki. Don cikakken bayani a kan yanayinki ki tambayi malama ko malamin da kika amince da shi. Na faɗi wannan ne saboda na haɗu da dattijuwar da ta daina zuwa Islamiyya da tarawih shekara huɗu, tana kuka tana cewa ba ta da tsarki.

Maigida zai gane? Saduwa za ta ƙara ɓata abin?

Saduwa ba ta ƙara saukowar, in dai babu gyambo ko zafi. Ki yi fitsari kafin nan, in akwai bushewa a yi amfani da man da aka yi don haka. Na fi son miji ya sani, domin shi zai ba da izinin fita da kuɗin mota, shi kuma zai iya ɗauke mata ɗiban ruwa. Matan da mazajensu suka rako su sun fi dawowa duba zobe a kan lokaci.

Maza ma suna samu?

Suna samu, galibi saboda kumburin furostat bayan shekara 50, ko bayan aikin cire shi, ko shanyewar ɓarin jiki. Motsin matse tsoka yana taimaka musu su ma. Dattijon da fitsarinsa ya zama siriri, yana ɗiga bayan ya gama, yana tashi sau da yawa da dare, ya je a duba shi tun bai toshe ba.

Wace alama ce ba a kwana da ita?

Fitsari ya ƙi fita sam, mara ta kumbura tana ciwo. Jini a fitsari, ko da sau ɗaya ne, kuma a faɗa wa likita in ana shiga rafi ko fadama saboda tsargiya. Zazzaɓi da ciwon kwiɓi tare da zafin fitsari. Kumburin da ya fito ya ƙi komawa, ko ya yi gyambo yana wari. Bayan gida yana fitowa ta gaba. Sai kuma ciwon baya mai tsanani da ya zo da mutuwar fatar tsakanin cinyoyi, ko sanyin ƙafafu, tare da kasa riƙe fitsari ko bayan gida: wannan jijiyar laka ce ta matsu, kuma a cikin awanni ake ceto ta. In mahaifar ta fito waje kuma asibiti na da nisa, a wanke hannu, a rufe ta da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da tafasasshen ruwan da ya huce, mace ta kwanta a ɗora matashi ƙarƙashin ƙugunta har a samo mota.